Kai Ka Ci Ƙwallo Biyu, Lambar Wayar Wani Aka Karɓa

Wanda duk ya je fili ranar wasan kusa da na ƙarshe na gasar sassa a zangon da ya wuce, wataƙila ya lura da wani dattijo mai hana-sallah da ya tsaya can gefe shi kaɗai. Bai yi tafi ba, bai yi ihu ba, ɗan littafi ne kawai a hannunsa da biro. Ni ne sakataren ƙungiyar sashenmu, wato mai rubuta sunaye, mai bin mutane bashin kuɗin fiya wata, mai kwashe riguna in an tashi, don haka duk wasan ina kusa da shi.

A ranar ɗan wasanmu na gaba, wani ɗan Roni, ya ci biyu. Ta biyun ma sai da ya yanke mutum uku ya kwantar da gola, fili ya kaure, aka ɗaga shi sama. Da aka tashi sai na ga dattijon ya wuce shi kamar bai gan shi ba, ya nufi lamba 6 ɗinmu, wani shiru-shiru ɗan Babura wanda ko sau ɗaya bai buga ƙwallo raga ba, ya yi magana da shi, ya karɓi lambar wayarsa. Wallahi abin ya tsaya min a rai. Na bi shi na gaishe shi, na ce, "Baba, ba raini ba, wanda ya ci biyun fa?" Ya dube ni ya ce, "Na gan shi, ɗana. Shekararsa nawa? Kuma da ƙwallo ta ƙwace masa a minti na 70, ina ya tafi?" Ban da amsar ko ɗaya.

Ashe tsohon koci ne daga Kano, ya zo Kazaure ziyarar 'yan uwa, kuma yana duba wa wani kulob yara. Irinsu ne 'yan bal ke ce wa sikawut, mu ce mafarautan 'yan wasa. Muka zauna a teburin mai shayi har bayan isha'i. Abin da na ji a bakinsa, da wanda na bi diddigi na karanta daga baya, shi nake son in baje muku, saboda na san a hostel ɗin nan akwai mutum fiye da goma da ke kwana da mafarkin Turai, akwai ma waɗanda ke tunanin ajiye karatu a kansa.

Bari in fara kai ku Amurka tukuna, don a can ne aka mayar da farautar ɗalibai 'yan wasa sana'a mai tsari, kuma wanda ya ga nasu zai fi gane abin da muke da shi da abin da ba mu da shi. Suna da wata ƙwallo tasu daban, 'yar uwar zari-ruga, wadda ake yi da hular kwano da sulke a kafaɗa. Babbar gasarsu, NFL, ƙungiyoyi 32 ne, kuma ba sa bin unguwanni neman yara. Jami'o'i su ne gonarsu. Yaro zai gama sakandare, jami'a ta ɗauke shi ta ɗauki nauyin karatunsa yana buga mata wasa, kuma ƙa'ida sai ya yi shekara 3 da barin sakandare kafin ya shiga sahun ƙwararru. Duk shekara a watan Afrilu ake zaman zaɓe, zagaye 7, a ɗebi mutum 250 da 'yan kai a duk faɗin ƙasar. Ƙungiyar da ta fi kowa shan kashi a kakar da ta wuce ita ke fara zaɓa. Da a Ingila haka ake yi, da wasu magoya baya sun daɗe da hutawa da gori a gidan kallo, ban kama suna ba.

A cikin 'yan wasan akwai wanda zan kira ɗan ruga. Shi ake danƙa wa ƙwallo a ciki, ya rungume ta ya kutsa tsakanin ƙarti waɗanda wasunsu sun fi buhun masara nauyi, ana lissafa masa yadi nawa ya ci gaba kafin a kayar da shi. Kafin ranar zaɓe ana tara fitattun ɗalibai sama da 300 a birnin Indiyanafolis a yi musu awon ƙwaƙwaf: tsawo, nauyi, faɗin tafin hannu, tsalle, ɗaga ƙarfe mai kilo 102 a ga sau nawa mutum zai iya, sai gudun yadi 40, kusan mita 37 ke nan, wanda ɗan ruga mai kyau ke yi a daƙiƙa 4 da rabi ko ƙasa da haka. Likitoci su lalube gwiwa da kafaɗa, sannan a zaunar da shi a yi ta yi masa tambayoyi.

Amma duk wannan awon ƙari ne. Asalin aikin mafarauci yana cikin bidiyon wasannin da yaron ya buga a jami'a, ana kallo ana mayarwa baya. Yana hango ɓaraka kafin ta buɗe, ko kuwa kansa yake sunkuyarwa ya afka wa bayan ɗan uwansa? In an bangaje shi, faɗuwa yake yi nan take ko yana ƙara yadi biyu uku da mutum a rataye a jikinsa? Ƙwallo tana suɓuce masa? Idan ba shi aka ba ƙwallo ba, yana tsayawa ya tare ƙaton da ya taho zai murƙushe mai jefa musu ƙwallo, ko kaucewa yake yi? Kuma yadin nan da ya tara, a kan wa ya tara su, manyan makarantu ko 'yan rakiya? Akwai kuma tambayar da ta fi ba ni mamaki: duka nawa jikinsa ya riga ya sha? Kamar mai sayen babur na hannu ne, ba fenti yake kallo ba, inji yake saurare. Shi ya sa ɗan ruga ke da arha a kasuwarsu, don ƙarfinsa ba ya daɗewa. A zaɓen 2024 har aka gama zagayen farko, mutum 32, babu ɗan ruga ko ɗaya.

Akwai namu a cikin labarin. Jay Ajayi, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, ya yi tashe a jami'ar Boise State, amma a zaɓen 2015 sai a zagaye na 5 ƙungiyar Miami ta ɗauke shi, saboda likitoci sun yi shakkar gwiwarsa. A kakar 2016 sau uku yana haura yadi 200 a wasa guda, ya koma Philadelphia ya ci babban kofinsu a farkon 2018, aka ce likitoci sun ji kunya. Kafin shekarar ta ƙare jijiyar gwiwa ta tsinke, daga nan bai ƙara komawa yadda yake ba. Kafin shi an yi Christian Okoye ɗan Inugu, wanda jifan faifai ya kai shi wata jami'a a Kalifoniya, bai taɓa wasan ba sai da ya kai shekara 23, amma Kansas City ta ɗauke shi a zagaye na 2 a 1987, kuma a 1989 ya fi kowa yadi a gasar, 1,480. Shi jikinsa sabo ne fil a wasan, ga ƙarfi ga gudu, kuma yana cikin makarantar da idon mafarauta ke kaiwa.

To mu dawo gida. Mu ma muna da wasannin makarantu: 'yan poli na da NIPOGA, 'yan jami'a na da NUGA. Ana zuwa, ana cin lambobin yabo, ana dawowa da hotuna, kuma abin alfahari ne. Sai dai babu wata rana a kalandar ƙwallon Najeriya da Kano Pillars da Katsina United da Enyimba za su zauna a zaure guda suna zaɓar ɗaliban poli ɗaya bayan ɗaya. A wurinsu makaranta ita ce tsani. A wurinmu tsanin yana waje da makaranta: ƙungiyar unguwa, kulob ɗin gari mai rajista da hukumar ƙwallo ta jiha, akadami, gasar NLO wadda ita ce mataki na uku, NNL mataki na biyu, sannan Firimiyar Najeriya mai ƙungiyoyi 20. Ko Jigawa Golden Stars tamu ta taɓa hawa can sama ta sauko. A gefe kuma akwai gasannin yara irin su Kofin Ramat da ake yi a Kano, da sansanin 'yan ƙasa da shekara 17 na ƙasa, inda mafarauta ke yin dafifi. Wannan shi ne abu na farko da ya kamata ɗan poli ya haɗiye, ko da ɗaci: rigar sashe, ko ta makaranta ma, ba ta sa ka a kasuwa. Baba Koci ma ba aiko shi aka yi filinmu ba, hanya ce ta biyo da shi.

Ku dubi waɗanda suka fita. Ahmed Musa daga akadamin GBS ta Jos ya taso, aka ba da shi aro, ya zo Kano Pillars ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, abin da ba a taɓa yi ba a gasar kafin lokacin. Daga nan sai VVV-Venlo ta Holan, ba Real Madrid ba, ƙaramin kulob da yawancinmu ba mu taɓa jin sunansa ba. Sai CSKA Mosko a 2012, sai Leicester a 2016. Zaidu Sanusi kuwa ɗan Jega ne ta jihar Kebbi, garin da bai fi ƙarfin a kwatanta shi da namu ba. Ya je Fotugal ya buga wa Mirandela a ƙananan rukunai, ya koma Santa Clara, sannan Porto ta saye shi a 2020, kuma shi ya ci Benfica ƙwallon da ta ba su kofin gasar a 2022. Kowannensu mataki-mataki ya hau, kuma a kowane mataki akwai sunansa a rajista, akwai wasannin da wani zai iya zuwa ya kalla. Akwai kuma irin su Rabi'u Ali Pele, wanda ya yi zamansa a Pillars har ya haura shekara 40 yana bugawa, ya ci abinci da ƙwallo ba tare da Turai ba.

Yanzu ga abin da ke cikin littafin dattijon nan, don ya buɗe min na gani. Abin mamaki, kusan tambayoyin mutanen Amurka ne, ƙwallon ce kawai ta bambanta.

Ya ce yawancin wasa ɗan bal ba shi da ƙwallo a ƙafa. Cikin minti 90, in aka tattara lokacin da take wurinsa bai fi 'yan mintuna ƙalilan ba. Mu 'yan kallo waɗannan 'yan mintunan muke gani, shi kuma sauran yake kallo. Game da ɗan Babura ya rubuta cewa kafin a ba shi fasin yana waiwaya hagu da dama, saboda haka kafin ƙwallo ta iso ya riga ya san inda zai kai ta. Ya rubuta cewa taɓawarsa ta farko tana fitar da shi daga matsi, ba ta mayar da shi cikin ƙafafun mutane. Ya sa alama sau huɗu inda ya buga da hagu alhali badame ne, kuma ba dole aka yi masa ba. Ya ce lokacin da lamba 2 ɗinmu ya tafi gaba ya manta da gida, yaron nan ya zame ya toshe gurbinsa ba tare da kowa ya ce masa komai ba, kuma a nan ne aka hana ƙwallon da da ta zama ta farkewa. Ni ina fili ban ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Kun ga wannan shi ne daidai da ɗan rugan da ke tsayawa ya tare ƙato don wani ya samu jefa ƙwallo: aikin da ba ya shiga bidiyon TikTok.

Shafin ɗan Roni kuwa ba wai babu yabo ba ne. An rubuta yana da gudu a takun farko, yana da ƙarfin zuciya a gaban raga, kuma waɗannan ba a koyar da su da sauƙi. Amma a ƙasa an rubuta ƙafa ɗaya. An rubuta satar gida sau biyar. An rubuta cewa duk lokacin da aka ƙwace masa ƙwallo tsayawa yake yi ya ɗaga hannu yana yi wa rafali magana, maimakon ya bi ta a daƙiƙun farko, lokacin da ta fi sauƙin ƙwatowa. Daga minti na 60 hannunsa na kan ƙugu. Sai kuma tambayar da ta fi zafi: su wa ya yanke? 'Yan bayan da suka kwana suna karatun tes, ɗaya ma da takalmin aro. Baba Koci ya ce yankan da ke aiki a filin rairayi, inda ƙwallo ke tsayawa ta jira ka kuma ɗan baya ke tsoron zamiya don kada ya sale, ba lalle ya yi aiki a ciyawar filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ba, inda ƙwallo ke gudu kuma mai tsaronka shi ma abincinsa yake karewa. Shi ya sa ba ya yanke hukunci da wasa ɗaya. Yana son ya ga yaro ranar da ake cin su uku da nema, ya gan shi ranar da aka ajiye shi a benci, ya ji yadda yake amsa wa koci in an yi masa tsawa. Har unguwarsu yakan je ya tambaya: yana zuwa atisaye a kan lokaci? Yana shaye-shaye? Don kulob kuɗi zai zuba, kuma ba ƙafa kaɗai yake saya ba, har da halin mai ƙafar.

Sai maganar shekaru, inda mu 'yan poli ya kamata mu ɗauko kalkuleta. Mutum ya shigo ND yana 19 ko 20, ya gama, ya yi shekarar koyon aiki, ya dawo HND, ya tafi bautar ƙasa, ya doshi 25 ko 26. Kulob ɗin Turai da ke sayen yaro daga Afirka ba don ya ci masa kofi gobe yake saye ba. Saye yake yi da arha, ya goge shi shekara biyu uku, ya sayar da tsada. Ɗan shekara 18 yana da wannan ribar a gabansa, ɗan 25 kuwa an riga an ga iyakarsa. Ga kuma dokar FIFA da ta hana kai ɗan ƙasa da shekara 18 wata ƙasa don ƙwallo, in ban da wasu 'yan dalilai da ba su cika shafar irinmu ba. Ahmed Musa kansa sai da ya jira ya cika 18 a watan Oktoban 2010 kafin ya fara buga wa VVV. Ke nan ƙofar Turai tana buɗewa a 18, kuma ba ta daɗewa a buɗe.

Na san abin da wani zai ce a ransa: ai sai a rage. Kowa ya san zancen shekarun ƙwallo, ba sai mun yi wa juna ƙarya ba. Amma zamanin ya wuce, ko yana wucewa. Tun gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17 da aka yi a nan Najeriya a 2009, wadda Kano ma ta karɓi wasu wasanninta, FIFA ke amfani da hoton MRI na wuyan hannu, a duba ko ƙashin ya gama haɗewa. A 2016 'yan wasa 26 suka faɗi wannan gwajin a sansanin Najeriya ana dab da karawa da Nijar, ga mu da kofin duniya a hannu na 2013 da 2015, kuma Nijar ta fitar da mu. Mu ɗalibai ma tamu ta fi sauƙin tonuwa. Ranar haihuwarka tana NIN, tana WAEC, tana JAMB, tana fayil ɗinka na makaranta, tana BVN. Ka canza ta fasfo kaɗai, ka haɗa wa kanka rigimar da za ta bi ka har wurin neman aiki, ko da ƙwallon ba ta yiwu ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, balle yanzu da komai ke cikin kwamfuta.

Lafiya ma haka. Nwankwo Kanu ya ci zinare a Atlanta a 1996, Inter Milan ta saye shi, likitocinta suka gano matsala a zuciyarsa, sai da aka yi masa tiyata a Amurka. Gwiwar da ka murɗe aka ɗaure maka a gida ka ci gaba da bugawa a kanta, na'ura za ta gan ta.

Yanzu in zo kan abin da ya sa na ga dole in yi rubutun nan, kuma da izinin mai labarin nake ba da shi. Ɗan Roni ya ji haushin abin da ya faru, kuma ban ga laifinsa ba. Bayan sati biyu wani ya tuntuɓe shi a Facebook, ya ce ya ga bidiyon ƙwallonsa, shi ejan ne, yana da hanyar gwaji a wani kulob a ƙasar waje. Ya turo takardar gayyata mai tambari, da hotunansa da wasu Turawa a filin jirgi. Aka ce a biya kuɗin fom, aka biya. Aka ce na sikirinin a Abuja, aka biya. Aka ce na biza. Mahaifinsa ya sayar da riɗin da ya ajiye da tumaki biyu. Shi kuma ya daina shiga lakca, yana ta gudun safe a hanyar Daura, yana cewa mu yafe shi. Ranar da ya isa Abuja ya tarar da samari sun fi cikin mota biyu, kowa da irin takardarsa, aka buga wasa na minti ashirin-ashirin, aka ce za a kira su. Lambar ba ta ƙara shiga ba. Ya dawo ya tarar an yi tes biyu babu shi, yanzu yana ɗauke da kwasa-kwasan da zai maimaita, kuma ya ce min abin da ya fi ci masa rai shi ne har yau mahaifinsa bai ce masa komai ba.

Da ya san yadda kuɗi ke tafiya a harkar nan da bai faɗa ba, kuma ni ma a lokacin ban sani ba balle in hana shi. Mafarauci na gaskiya kulob ne ke biyansa, ko ya samu rabonsa in ciniki ya faɗa. Ejan kuma sai ɗan wasa ya samu kwantiragi yake cin nasa kason. Akadami da ƙananan kulob suna da nasu hakkin a dokar FIFA: duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi tsakanin shekara 12 zuwa 23, ban da kuɗin horarwa da ake biya in ya sa hannu a kwantiraginsa na farko. Ke nan duk mai gaskiya a layin nan, cinsa yana gaba, bayan kai ka ci. Wanda ya ce ka biya shi kafin ya gan ka a fili, kai ne kasuwar tasa, ba ƙafarka ba. Ba na cewa duk akadamin da ke karɓar kuɗin wata ɓarauniya ce, akwai masu karɓa don abinci da kayan atisaye, kuma kana ganin filinsu da kocinsu da yaran da suka fitar. Wannan daban, mai sayar da takardar gayyata daban. Tun 2023 FIFA ta dawo da jarrabawar lasisin ejan, kuma sunayen masu lasisi suna shafinta na intanet, datar naira ɗari ta isa ka duba. Takardar gayyata kuma, a nemi adireshin kulob ɗin a shafinsu na ainihi a tura musu a tambaya, ba ta lambar da ejan ya bayar ba. Kulob ɗin da ke son ka da gaske ba ya rasa kuɗin tikiti.

Wannan kashi 5 ɗin yana da wata fa'ida da 'yan garuruwanmu ba su cika lura da ita ba. Ba a biyan sa sai ga kulob mai rajista, wanda sunan yaron ke cikin takardunsa a hukumar ƙwallo. Ƙungiyoyi nawa ne a Gwiwa da Roni da Babura da cikin Kazaure da ke rainon yara shekara da shekaru, da kuɗin aljihun koci, amma babu rajista ko ta mutum ɗaya? In Allah ya ɗaga yaron, wani kulob na birni da ya riƙe shi wata shida shi zai kwashe, na gida ko sisi. Shi ma yaron rashin rajistar na cutar da shi, don in mafarauci ya tambayi ina ya buga a shekara uku da suka wuce, ba shi da abin nunawa sai baki.

Ban rubuta wannan don in kashe wa kowa gwiwa ba. Wanda yake ND 1, shekarunsa na gaskiya ba su wuce 18 ko 19 ba, kuma ya san yana da abin, to ya nemi kulob mai rajista ya shiga, ya yi amfani da dogon hutu ya je Kano ko Katsina ya gwada kansa da waɗanda suka fi shi. Daga nan zuwa Kano ta Ɗambatta ba wata tafiya ba ce, kuma sati biyu a can zai gaya masa gaskiyar da mu abokansa ba za mu iya gaya masa ba. Ya tanadi bidiyon cikakken wasa, daga busar farko zuwa ta ƙarshe, an ɗauka daga wuri mai tudu, ba guntun yanka uku da kiɗa a kai ba, don mafarauci na son ganin inda kake lokacin da ƙwallo take can wani gefe. Kuma a ra'ayina kada ya jingine zango ko ɗaya sai ya ga kwantiragi a rubuce, wani babba da ya san doka ya karanta masa. Wanda kuma ya kai HND yana 24, ya buga don lafiyarsa da jin daɗinsa, in yana son harkar ya nemi kwas ɗin koci ko na alƙalanci, ko ya koyi irin aikin Baba Koci. 'Yan kwamfuta da 'yan lissafin ƙididdiga ma akwai gurbinsu, don manyan kulob yanzu da alƙaluma da bidiyo suke fara tace 'yan wasa kafin su tura mutum ya gani da ido.

Ɗan Babura ya je Kano a hutun da ya wuce, ya yi sati uku yana atisaye da kulob ɗin, ba a karɓi ko kwabonsa ba, su suka ba shi wurin kwana. An ce masa yana da kai amma jikinsa bai yi ƙwari ba, ya je ya ƙara nauyi ya dawo bayan jarrabawa a sake dubawa. Yanzu haka yana nan yana cin wake da ƙwai kamar an aiko shi, kuma bai fasa lakcar ƙarfe takwas ba. Ɗan Roni ma ya dawo atisaye, kuma ranar Talata na ga ya bi ƙwallon da aka ƙwace masa har tsakiyar fili.

Baba Koci ya ce in turo masa cikakken bidiyon wasanmu na gaba, su biyun duka yake son gani. Wasan ranar Alhamis ne bayan la'asar. Wayata ba ta da wuri kuma batirinta ba ya kai minti 40, don haka mai waya mai sarari da fawa bank, wanda hannunsa ba ya rawa kuma ba zai yar da ita ya ruga fili in an ci ƙwallo ba, ya neme ni a ofishin ƙungiyar ɗalibai kafin Laraba.